Mai Zana Ƙuraje

Ƙarfe huɗu na asuba, Burbank na barci,
ni da Wendell Pruszak muna farke a cikin tirela.
Da reza nake farawa. Gemu ba ya jin rarrashi,
ka aske shi da duhu, kafin rana ta take ya leƙo.
In shafe furfura uku da ke bayan kunnensa,
sannan in ɗauki siririn buroshi
in dasa masa ƙuraje: biyu a haɓa,
ɗaya a gefen hanci, wanda darakta ya fi so,
ja, mai sheƙi, kamar yau zai fashe.
Shekara goma sha tara ina wannan shuka
a gona ɗaya.

Shekarunsa talatin da bakwai.
A takarda, sha shida.

Ya san faɗuwa iri bakwai.
Ya san riƙon faranti a ɗakin cin abincin makaranta
yadda madara za ta zube daidai gaban wando.
Ya san inda murya ke karyewa a tsakiyar sunan yarinya,
da yadda hannu ke rasa masauki,
aljihu, ƙeya, aljihu kuma.
Wata uku ya yi yana koyon tuntuɓe da igiyar takalmi
a wurin wani tsohon ɗan rawa a Pasadena.
Mutane na cewa haka aka halicce shi.
Ni na ga tabon gwiwoyinsa.

Da tuntuɓen nan ya sayi gida mai bishiyar lemo,
ya biya wa mahaifiyarsa aikin ido a Toledo.
A filin jirgi magidanta masu tumbi kan tare shi,
"Yi mana fuskar nan!" Sai ya yi.
Sau ɗaya aka ba shi rigar likita a fim ɗin kuka.
Ya fito, ya cire hula, ya ce, "Ba ta farfaɗo ba,"
zauren ya kwashe da dariya.
Wanda aka sani da santsi,
ko a tsaye yake, jira ake.

Yau Talata ya shigo ba sallama.
Ya zauna, ya rufe ido, na shafa kumfa.
Can ya ce, "Marisela, Odile ta zubar da farantinta jiya."
'Yarsa. Sha huɗu.
Ƙurajenta nata ne, ba buroshi ya ba ta ba.
"A gaban kowa. Wani yaro ya ɗauka a waya,
ya rubuta a ƙasa: 'yar babanta.
Ta kulle ɗaki. Na yi minti arba'in a bakin ƙofa.
Duk maganar da ta zo bakina wani ne ya rubuta min ita,
kuma don a yi dariya ya rubuta."

Reza a hannuna, kumfa na bushewa.
Ina da 'ya'ya biyu, na san wannan ƙofar,
na san launin fentinta.
Ban ce komai ba. Na ɗaga haɓarsa.

"A wurin aiki," in ji shi, "in na faɗi ana cewa a yanke,
wani ya rugo da sabon wando."

Aka ƙwanƙwasa: saura minti goma.
Na zana biyun haɓa.
Da na zo na hanci hannuna ya yi nauyi,
ya fito ƙarami, kodaɗɗe. Na bar shi haka.

Ya miƙe, dogon mutum mai ciwon baya,
ya dubi madubi, ya saki kafaɗu, ya murɗa ƙafa ciki,
shekara ashirin suka zame masa kamar riga.
A bakin tirela ya tsaya, ya ciro waya,
ya rubuta, ya goge, ya rubuta, ya goge,
babban yatsansa na rawa.
Wannan ba a Pasadena ya koya ba.

Sannan ya sauka matakala uku,
a hankali, riƙe da ƙarfe,
ya nufi inda fitilu suke,
inda mutum sittin ke jiran ya faɗi.